Fano Ba Tabarmar Shanya Kuɓewa Ba Ne

Tambaya: Malam, ina sana'ar cajin salula a Sabon Gari, nan Damagaram. Ina da fano (faifan sola) uku masu wat 300 a shimfiɗe kan kwano. Na ga bidiyon wata na'ura mai juya fano tana bin rana tun safe har yamma. In saya? Batirina ba ya cika.

Amsa: Ɗan'uwa, maida kuɗinka aljihu tukuna. Duk wanda ya kalli bidiyo biyu a Facebook sai ya zo yana neman na'urar bin rana, alhali fanonsa na kwance kan kwano kamar an shanya kuɓewa, ƙura ta yi masa bargo har yaro zai iya rubuta sunansa a kai da yatsa.

Na'urar tana aiki, ban musa ba. Mai juyawa gabas zuwa yamma takan ƙara wajen kashi 20 cikin 100 na kuran, wato wutar lantarki. To yi lissafi: fano uku gare ka, ka ƙara na huɗu, ka samu ƙarin kashi 33, babu inji, babu haƙoran giya, babu giris. Ita kuwa na'urar tana da ƙaramin inji da ido mai gane haske, kuma dukansu abokan gabar rairayi ne. Hunturu ɗaya ya isa ya cusa ƙasa cikin haƙoran giyar. Ranar da ta maƙale tana kallon yamma, ka rasa ranar safe gaba ɗaya, ga shi kayan gyaranta ba irin na teburin ƴan koli ba ne. Sannan ka tuna iskar da ke gaban hadari a watan Yuni: fano a kan sanda ɗaya mai juyawa, faifai ne a hannun guguwa. Filin sola mai dubban fano da ma'aikatan gyara, can ta dace.

Ga abin da ke damun batirinka. Zinder na kan digiri kusan 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Disamba rana ta tsaka tana karkata kudu da digiri 37 daga tsakiyar kanmu, a ƙarshen Yuni kuma ta ɗan leƙa arewa da digiri 10 kacal. Sau biyu take bi ta tsakiyar kanmu, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Kenan mafi yawan shekara tana kudu, don haka fano ya fuskanci kudu da karkata digiri 15. Mai walda ba ruwansa da digiri, ka ce masa haka: kowace mita ɗaya ta tsawon fano, gefen arewa ya fi gefen kudu tashi da santimita 26. Fano mai mita biyu, santimita 52.

Kada ka sauka ƙasa da digiri 10. A shimfiɗe, ruwan sama ba ya gangarewa, sai ya kwanta da ƙura ya bushe ya zama taɓo a gefen firam, ya rufe layin ƙasa na ƙwayoyin fano, wato ƙananan murabba'an da ke samar da wuta. Ƙwayoyin nan a jere suke kamar carbi, in inuwa ta toshe ɗaya, sauran layin ya raunana. Kuma ɗaga shi daga kwano aƙalla santimita 10 zuwa 15 iska ta ratsa. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25. Kowane digiri sama da haka yana cin kusan kashi 0.4. Fano da ya kai digiri 65 a kan kwanon Afrilu ya zubar da kusan kashi 16 kafin a yi maganar ƙura.

Sai wanki, wanda na san ba za ka so ji ba don ba a sayensa a kanti. Lokacin hazo, sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Ban da omo, ban da goge busasshiyar ƙura, tana kankare gilashi. Yi wannan mako biyu, ka duba abin da regilata, na'urar da ke daidaita cajin batir, ke nunawa.

Tambaya: A Mirriya nake. Ta yaya zan gane kudu daidai? An ce in fuskanci alƙibla, kudu na dama.

Amsa: An kusa, ba a kai ba. Alƙiblarmu ta karkata arewa daga gabas da kusan digiri 20. Kafa sanda a watannin sanyi; inuwarta mafi gajarta, tsakanin ƙarfe 12 da 12:40, tana nuna arewa. Kamfas na salula ma ya isa, in dai ba a kan kwano ka tsaya da shi ba.

Tambaya: Mijina ya ce a riƙa canja karkatar fano kowane wata.

Amsa: Hajiya, ki ce masa sau biyu a shekara ya wadatar: digiri 30 daga Oktoba zuwa Fabrairu, digiri 10 sauran watanni. Ribar ba ta wuce kashi 5 ba, kuma duk notin da ake yawan kwancewa shi iska ke fara samu a sake. In mai son hawa tsani ne, a ba shi bokiti da tsumma.

Tambaya: Akwai dogon yaro kudu da gidanmu, inuwarsa na taɓa fano da hantsi kawai.

Amsa: Inuwar za ta fi tsawo a Disamba. Rage reshen, ko ka matsar da fano inda babu inuwa daga ƙarfe 9 zuwa 4. Kada ka sare bishiyar.