Wa ke zaɓar littattafan makarantun gwamnati a Texas?

Malam, ka tambaya ko gwamnatin tarayyar Amurka ce ke zaɓar littattafan da ake koyarwa da su a makarantun gwamnati na jihar Texas. A'a, wannan hurumin jiha ne, kuma doka ta raba aikin tsakanin hukumar ilimi ta jiha da gundumomin makarantu.

Hukumar tana da wakilai 15 da jama'a ke zaɓa. Ita ce ke tsara abin da ya wajaba ɗalibi ya koya a kowane aji, sannan ta duba littattafan da kamfanonin ɗab'i suka gabatar, ta saurari ra'ayin jama'a, kafin ta fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Tun daga dokar 2011, gunduma tana iya kashe kuɗin jiha a kan littafin da ba ya cikin jerin, muddin kayan koyarwarta sun ƙunshi dukan manhajar.

Dokar 2023 ba ta soke wannan 'yanci ba, amma ta ware ƙarin dala 40 a shekara ga kowane ɗalibi idan gunduma ta ɗauki kayan da hukumar ta amince da su, da wata dala 20 ta buga darussan da jihar ta shirya da kanta. A ganina, gundumar da aljihunta ya yi sanyi da wuya ta kawar da kai daga irin wannan kuɗi. Abin da ya ƙara zafafa muhawara shi ne darussan Bluebonnet Learning da jihar ta shirya, masu ɗauke da labaran Baibul, waɗanda hukumar ta amince da su a Nuwamba 2024 da ƙuri'a 8 da 7.