Shekara tara da aikin zuciya: in bar magani in nemi haihuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka da alheri. Ni matar aure ce, shekarata 31, ina zaune a wani ƙauye a yankin Kiyawa, Jihar Jigawa. Ƙanena ne ya rubuta min wannan a wayarsa. A 2016 aka kai ni asibitin Salam da ke Sudan aka sa min bawul na ƙarfe a zuciya, wato ƙofar da jini ke bi, bayan na daɗe ba na iya barci sai a jingine, ƙafafuna a kumbure. Lokacin ina da 'ya ɗaya. Alhamdu lillahi na samu sauƙi, yanzu ina daka, ina ɗebo ruwa kamar kowa. Damuwata ita ce, uwar mijina ta ce na warke, wai ƙwayar warfarin ta tsinka jini da nake sha kullum ce ta hana ni haihuwa, in bari. Ba ta san cewa da sanin maigida aka sa min ashanar fata ba, kuma wa'adinta ya kusa cika. Shi bai ce komai ba, amma na san yana son ƙarin haihuwa, ni ma ina so. Gwajin jini kuwa rabona da shi an fi wata takwas saboda kuɗin mota. Jinin al'adata yana yawa, ga haƙori yana damuna, an ce wanzami zai iya cire min. 'Yata ma tana yawan ciwon maƙogwaro, ina tsoron kada ta gado ni. Anti ki ba ni shawara.

Daga ƙanwarki a Kiyawa.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana 'yarki. Na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tayar min da hankali a ciki ba zancen haihuwar ba ne, watannin nan ne da kika yi ba gwajin jini. Da shi zan fara.

Bawul na ƙarfe yana da ƙarko, yakan kai mutum ƙarshen rayuwarsa ba tare da ya lalace ba, shi ya sa likitoci suke sa wa masu ƙananan shekaru irinki. Wanda ake yi da tsokar dabba ba ya buƙatar magani na har abada, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ya kasa kaiwa haka. Aibin na ƙarfe guda ɗaya ne: jini yana son daskarewa a kansa. Idan gudan jini ya taru, ko dai ya maƙale ƙofar ta daina buɗewa da rufewa, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe wani sashe na ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Warfarin ce take hana wannan. Dakan nan da kike yi, da tulun da kike ɗauka, duk a kan ƙwayar nan suke tsaye. Ba a gama shan ta. Asfirin ba ya maye gurbinta, kuma sababbin magungunan tsinka jini irin su rivaroxaban, waɗanda ba sa buƙatar gwaji, ba su dace da mai bawul na ƙarfe ba, ko da wani ya ce miki sun fi sauƙi.

Gwajin da kike yi, INR, shi ke nuna yadda jinin ya tsinke. Na mai lafiya da ba ya shan magani yana wajen 1. Mai ƙarfe a bawul ɗin mitral, ɗaya daga cikin ƙofofin ɓangaren hagu na zuciya, wanda ciwon zuciya mai biyo bayan ciwon maƙogwaro ya fi lalatawa, galibi ana so nasa ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, amma ki duba katinki, lambar da likitanki ya rubuta ita ce taki. Maganin nan kamar gishiri yake a miya, in ya yi kaɗan lami, in ya yi yawa ba ta ciyuwa, sai dai ita miya ana ɗanɗanawa a baki, jini kuwa ba kya jin komai a jikinki har sai abu ya faru. Yawan jinin al'adar da kika ambata zai iya zama alamar lambar ta haura. Don Allah cikin makon nan ki je a gwada, a haɗa da gwajin yawan jini, domin ƙarancin jini yana ƙara wa zuciya wahala.

Na san kuɗin mota ba wasa ba ne a wannan zamani, na ga mata da yawa da suka bar zuwa asibiti saboda shi, ba don sakaci ba. Ke kam kina kusa da Dutse. Ki fara tambaya a asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda za a riƙa yi miki gwajin kusa da gida. Idan lambar ta daidaita, kusan sau ɗaya a wata ya wadatar. Ganin likitan zuciya da hoton zuciya kuma a yi shi ko da sau ɗaya ne a shekara, in ta kama a je Asibitin Malam Aminu Kano. Shawarar da nake ba magidanta ita ce, tun da kaka, ranar da aka sayar da riɗi ko gyaɗa, a ware kuɗin gwaji da na ƙwaya na shekara guda a ajiye gefe, kada a bari sai bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Akwai wani abu na ƙauye da ba kasafai ake gaya wa marasa lafiya ba. Ganye yana ɗauke da bitamin K, shi kuma yana rage ƙarfin warfarin. Da rani ganye kaɗan ne a tukunyarki, da damina ta sauka kuwa ga kwaɗon zogale, ga rama, ga tafasa, ga alayyafo, kusan kullum. Adadin ƙwayar da ya ishe ki a watan Maris zai iya gazawa a watan Agusta. Ban ce ki bar cin ganye ba, abinci ne mai amfani kuma kina buƙatarsa. Ki ci daidai gwargwado ba tare da sauyi na farat ɗaya ba, sannan ki ƙara gwaji a farkon damina da ƙarshenta. Sai kemis. Diclofenac da ibuprofen, da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna iya sa ciki ya zubar da jini. Flagyl da Septrin suna haurar da lambar sosai, maganin tarin fuka kuma yana saukar da ita. In ciwon kai ne ko na jiki, farasitamol ya ishe ki. Jiƙe-jiƙe da tsimi da kayan mata ki bar su gaba ɗaya, don ba wanda zai iya gaya miki abin da ke cikinsu. Ranar da kika manta da ƙwaya, in kin tuna a ranar ki sha, in gari ya waye kada ki haɗa biyu.

Yanzu ga babbar maganar. Warfarin ba ta hana ɗaukar ciki. Haɗarin ma shi ne mace takan ɗauki ciki tana kan shan ta ba ta sani ba. Maganin yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 yana iya taɓa halittarsa, musamman ƙashin hanci da gaɓoɓi, ko ya jawo ɓari. Idan kuma aka daina shi saboda tsoron hakan, uwa ce take shiga haɗari, domin ciki kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Abin da ya fi ba ni tsoro a duk aikina shi ne macen da ta ga ɓatan wata, ta ajiye ƙwayarta a ɓoye don ta tsare ɗanta. Niyyarta mai kyau ce, amma hanyar tana iya raba ɗan da uwarsa.

Ban ce ba za ki sake haihuwa ba. Akwai mata masu bawul na ƙarfe da suka haihu lafiya. Amma ciki ne mai haɗari na gaske, kuma ana shirya masa tun kafin a ɗauke shi. Likitan zuciya zai fara duba ƙarfin zuciyarki da yadda bawul ɗin yake aiki, ya duba yawan ƙwayar da kike sha, domin wadda miligiram 5 ko ƙasa da haka yake isarta a rana haɗarin jaririnta ya fi sauƙi. Daga nan shi da likitan mata za su yanke ko a ci gaba da ƙwayar ko a koma allurar heparin, ita ma ta tsinka jini, a watannin farko. Wajen mako na 36 ana mayar da mace kan allurar, a sa ranar haihuwa, a haihu a babban asibiti mai ajiyar jini. Haihuwar gida ba taki ba ce. Wannan yana nufin gwaji kusan kowane mako ko biyu, da zama kusa da asibiti a watannin ƙarshe, da kuɗi. Ku zauna da maigida ku yi lissafin nan da idon basira. In likita ya duba ya ce zuciyar ba za ta ɗauka ba, ra'ayina shi ne ku karɓa, domin yarinyar da take gabanki tana da haƙƙin ta girma da uwarta. Kafin a kai ga yanke hukunci, a sabunta ashanar fatar kafin wa'adinta ya cika, ki gaya wa mai sa miki cewa kina kan warfarin. Ki kuma tambaya game da robar mahaifa mai sinadari, domin ita tana rage yawan jinin al'ada. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin ba ta dace da ke ba. Idan Allah ya kawo haihuwar, shayarwa ba ta da matsala da warfarin, amma kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa ki yi musu sallama. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciya na masu jego.

Batun Inna kuwa, kada ki ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba. Ta ga kin tashi kina aiki, ta ga shekaru suna tafiya ba jika, ta faɗi abin da ta fahimta. Amma ba ke ya kamata ki yi jayayya da ita ba, kin san yadda maganar suruka take juyawa a gida. Shirun maigida ne ya bar ki ke kaɗai a tsakiya. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya shiga ɗakin likita, ya ji da kunnensa, sannan shi ya koma ya zauna da mahaifiyarsa ya ce mata: Inna, ƙwayar nan ita ke riƙe da ran matata, kuma da yardata ake duk abin da ake yi. In da hali ma a tafi da ita wata ranar. Na sha ganin tsofaffin da bayan sun ji daga bakin likita suka koma su ne masu tuni da lokacin shan magani.

Haƙori kada wanzami ya taɓa shi. Jinin ba zai tsaya da wuri ba, sannan ƙwayoyin cutar baki suna iya shiga jini su sauka a kan bawul ɗin, ciwo ne mai wuyar magani. Likitan haƙori zai duba lambarki ya ba ki maganin rigakafi kafin ya cire. Haka ƙaho da tsaga da sakiya, duk ba naki ba ne. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko uku kuma kada a yi ta ce masa maleriya ana shan magani a gida. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, ko dawowar hakin nan na da, kowanne daga ciki a nemi mota a lokacin, ko da tsakar dare ne.

'Yarki ba ta gaji bawul ɗinki ba, amma tana cikin shekarun da abin yake farawa, 5 zuwa 15. Wata ƙwayar cuta ce take kama maƙogwaro, in ba a yi maganinta ba jiki ya tashi yaƙarta ya haɗa da gaɓoɓi da zuciya. Duk ranar da ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai ta asibiti, in an ba ta fenisilin ko amoksisilin ta shanye na kwana 10 cif, ko ta ji sauƙi a kwana na uku. Kada a cire mata belu. Ranar da za ki je ganin likitan zuciya ki tafi da ita ya saurari ƙirjinta.

TAMBAYA

Hajiya, ni manomi ne a yankin Sumaila, Jihar Kano. Shekara shida da aka sa min bawul na ƙarfe. Da dare iyalina tana jin ƙarar ƙas-ƙas a ƙirjina har ta kasa barci, tana tsoron kusantata. Shin zan iya noma da azumi?

AMSA

Malam, ka kwantar mata da hankali. Ƙarar nan ta ƙofar ce tana rufewa, jin ta a fili alamar tana aiki ce. Ranar da ta dishe ko ta sauya, musamman in da haki, ranar ce ta gaggawar zuwa asibiti. Zaman iyali bai haramta gare ka ba: wanda yake tafiya gona da ƙafa cikin hanzari ba tare da haki ko ciwon ƙirji ba, galibi ba shi da matsala a nan. Ka yi nomanka, ka huta in rana ta take, ka kiyayi yankan lauje da fartanya, kuma ka sa hular kwano a kan babur, domin buguwar kai ga mai shan warfarin tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa ko ba rauni a waje. Azumi kuma da yawa suna yi lafiya in zuciyar tana da ƙarfi. Ka nemi izinin likitanka tun a Sha'aban, ka mayar da shan ƙwayar lokacin buɗa-baki kullum, ka sha ruwa sosai da dare, sannan ka yi gwaji kafin azumi da kuma cikin goman farko.