Zafin tiyatar ƙirji ga mai shan maganin tarin fuka: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana tiyata, an cire ɓangaren huhunsa da tarin fuka ya lalata, kuma har yanzu yana shan maganin tibi. Tiramadol ɗin da aka sallame mu da shi ba ya riƙe shi, kafin asuba zafi ya dawo. Mai kemis ya ce in sayi mai lamba 225, ko in haɗa masa da daiklofenak. Wanne ya fi? Uwargida, daga Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba maigida lafiya. Uwargida, kada ki sayi ko ɗaya sai likitan da ya yi aikin ya gan shi.

Akwai dalilin da ya sa maganin ba ya riƙewa. A cikin ƙwayoyin tibi akwai rifamfisin, wanda ke mayar da fitsari ja. Shi ne ke sa hanta ta riƙa sarrafa wasu magunguna da gaggawa, har da na rage zafi irin su tiramadol da mofin, sai ƙarfinsu ya ƙare tun lokaci bai yi ba. Ba raki maigida yake yi ba. Amma ƙara lamba a kemis ba gyara ba ne. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100 kawai, mai 225 kayan bayan fage ne. Tiramadol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga, isoniyazid da ke cikin maganin tibi yana ƙara wannan haɗarin, sannan tiramadol ɗin yana rage numfashi ga mutumin da dama huhunsa bai cika ba.

Daiklofenak kuwa yana aiki, sai dai yana iya tayar da gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya sa zubar jini. Likita kan bayar da shi na 'yan kwanaki bayan ya duba.

Wanda na fi jin tsoro shi ne farasitamol, don kowa raina shi yake yi. Uku daga cikin magungunan tibi huɗu na watanni biyun farko suna wahalar da hanta, shi ma farasitamol haka yake yi idan ya yi yawa. Iyakar farasitamol ga babba mai lafiya giram 4 ce a rana, mai shan maganin tibi kuma sau da yawa akan rage masa. Yawancin magungunan mura akwai shi a ciki, sai a ninka ba a sani ba. In kika ga idonsa ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ku tafi asibiti a ranar. Ku riƙe katinsa na tibi duk inda za ku je, kuma kada ya dakatar da ƙwayoyinsa da kansa.

Tambaya: Yayana ne aka yi wa tiyatar ƙirji. Mu sayi bel ɗin ɗaure ƙirji ko abin numfashi mai ƙwallaye uku? Inna kuma ta ce a riƙa gasa masa wurin. Wani ɗalibi, daga Tudun Wada.

Amsa: Ku bar bel ɗin. Ɗaure ƙirji tamau yana hana huhu buɗewa, majina ta taru, nimoniya ta biyo baya. Filon da ke gida ya wadatar: ya rungume shi a kan ɗinkin duk sa'ar da tari ya taso. Abin ƙwallayen yana da amfani, zuƙa ake yi ba hurawa ba, kamar sau goma kowace awa in yana farke, kuma nasa ne shi kaɗai. In kuɗi sun yi ƙaranci, dogon numfashi da tattaki a tsakar gida suna taimakawa. Ya fi jure su bayan maganin zafi ya fara aiki.

Gashi kuwa, a ba Inna haƙuri. Tiyatar tana taɓa jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari, fatar wurin takan mutu na ɗan lokaci, ruwan zafi zai ƙona shi bai ji ba. In zafin irin mai zugi ne kamar jan lantarki, ku gaya wa likita haka, don maganinsa daban ne.