Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan buga takardun lissafi

Assalamu alaikum Malama. Da na karanta tambayarki game da irin firintar da za ki saya domin takardun lissafin ɗalibanki masu buƙata ta musamman, da kuma ko lallai sai mai kala, sai na tuna halin da na shiga a shekarata ta farko da irin wannan aji. Abin da zan fara gaya miki shi ne, kowace iri kika samu, ki yi ƙoƙari ta kasance a hannunki, kada takardar yaranki ta bi ta hannun wanda bai san su ba.

A jarrabawar zango na biyu na zauna na tsara tambayoyina da manyan lambobi, lissafi 4 kacal a kowane shafi, suka cika shafi 6. Shugaban makarantarmu na lokacin ya ga takarda za ta tafi da yawa, sai ya aika shagon fotokwafi aka matse su a shafi 2 ba tare da ya gaya mini ba, ga shi kuma tawadar injin ta kusa ƙarewa. Sai da safiyar jarrabawa na gani. Akwai wata yarinya zabiya a ajin, wadda ta fi kowa ƙoƙari a lissafi. Ina kallonta ta kai takardar har kan hancinta, tana juya ta wajen taga, idonta yana hawaye. Ta karanta 3 a matsayin 8, ɗigon da ke cikin 2.5 ya ɓace mata ta yi aiki da 25. Da na zo yin maki na tarar duk matakan da ta bi daidai ne, lambobin da ta kwafa ne ba su ba. Bayan an tashi ta same ni tana tambaya ko idonta ne ya ƙara lalacewa. Da na je wurin shugaban, sai ya ce irin waɗannan yara ko sun ci ko sun faɗi duk ɗaya ne. Wallahi har yau idan na tuna maganar nan raina yana ɓaci, domin mutumin bai taɓa shiga ajin ya zauna ko na minti 10 ba.

Game da kala, kada ta sa ki kashe kuɗin da ba ki da su. Baƙin rubutu mai kauri ya fi komai amfani, kuma inda ake buƙatar kala, kamar wajen nuna rabi da kwata a da'ira, alƙalamin maka mai kala ya wadatar. Firinta mai hoda, wato laser, ta fi fitar da lambobi tas, rubutunta kuma ba ya narkewa idan gumi ko yawu ya taɓa shi, sai dai tana jan wuta sosai, ƙaramin janareto yana wahala da ita. Mai tankin tawada tana aiki ko da ƙaramar sola, amma idan ta daɗe a ajiye kan da ke fitar da tawadar yana bushewa, musamman da hunturu. Ki riƙa buga shafi ɗaya kowane mako ko ana hutu, ki rufe ta da zane saboda ƙura.

Girman rubutu ki fara daga 18, wasu sai 24, da salo marar ƙawa irin Arial. Ki buga a fuska ɗaya kawai, domin takarda mai giram 80 tana nuna abin da ke bayanta, wannan kuwa yana rikita yaro. Hakan yana nufin rim ɗaya mai takarda 500 ba ya daɗewa, shi ya sa nake saka takardun da ake maimaitawa a cikin leda mai garai-garai, yaro ya rubuta da maka a goge. Masu rikita gidan ɗaiɗai da na gomomi kuma, ki buga musu akwatuna, lamba ɗaya a kowane akwati. Zabiya sau da yawa farar takarda tana kashe musu ido, mai ruwan ƙwai kaɗan ta fi musu sauƙi.

Idan kina da makaho a ajin, duk wannan ba zai amfane shi ba. Injin buga Braille, rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, yana da tsada, takardarsa ma mai kauri ce ta daban. Wata tsohuwar malama da ta yi aiki a makarantar makafi ta Gindiri ce ta koya mini zana alwatika da murabba'i da zare da gam a kan kwali, tare da amfani da allon Taylor, wato allo mai ramuka da makafi ke yin lissafi a kansa. Ki kuma bincika tsarin Braille da yaron ya koya, ko Nemeth ne ko UEB, domin alamomin lissafinsu sun bambanta.

Batun kuɗin takarda kada ki ɗora wa albashinki shi kamar yadda na yi. Ki rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai wasiƙa, ki ambaci dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Ki sanar da ni yawan masu raunin gani a ajinki da kuma ko akwai wuta a makarantar, in sha Allahu zan turo miki takardun da na riga na tsara.