Amsar Gwaggo kan abin sanyin da ake tarar baƙo da shi

Wa alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya sai yanzu na samu zama. Kin ce uwar mijinki ta zo da ƙawayenta da rana tsaka kin jera musu lemon kwalba mai sanyi, da za ta tafi ta ja ki gefe ta ce gidan da babu zoɓo babu fura a wannan zafin ai gidan gwauro ne, shi ne kike tambaya wai dole ne a al'ada sai mace ta haɗa da hannunta, kuma ko laifi ne ki riƙa ƙulla wa yara a leda kina sa wa a firiza. To saurara.

Ba dole ba ne irin na farilla, babu wanda zai kai ki gaban alƙali, amma matar nan ba ta faɗi ƙarya ba. Lemon kwalba ko almajiri kika aika shago zai kawo, shi kuwa zoɓo sai an wanke an tafasa an tace an jira ya huce, mai sha ya san tun safe aka tuna da shi, abin da take nema a wajenki ke nan. Kuma kafin ma a zo ga zoɓon, ruwa ake fara kawowa. Ba a tambayar baƙo wai ko za ki sha ruwa, wannan tambayar rowa ce, kina ganin sun zauna ki ɗauko ki ɗan rusuna ki miƙa da hannun dama, sai an sha an numfasa sannan a gaisa sosai, bayan nan fura ko kunu ya biyo a rufe da faifai ko murfi. Mu da muka taso babu firij randa ce a gindin bishiya an binne gindinta cikin yashi mai laima, jikinta yana tsattsafo iska tana busar da shi, wannan bushewar ce ke janye zafin ruwan ciki, shi ya sa a watan Afrilu da iska ta bushe ƙamas ruwan randa ya fi daɗi, da damina kuwa sanyinsa raguwa yake. Wannan dabarar ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gyara, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har Turawa suka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki sayi randa ko ƙarama ce ki ajiye, ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu za ki gode min, kuma tsofaffi da yawa ba sa son ruwan firij, cewa suke yana sa musu ciwon haƙori da mura.

Batun ƙanƙarar leda kuwa babu wata al'ada da ta hana, ai da kakanninmu sun samu firiza da sun yi. Sai dai ki san ba kowane abu ke son daskarewa ba. Zoɓo yana so, tsamiya tana so, garin ƙwallon kuka da aka jiƙa aka tace aka sa madara da sukari shi ne ma sarkinsu don yana da kauri ba ya zama dutse. Mangwaro yanzu lokacinsa ne ya cika kasuwa, ki samu wanda ya nuna luguf ki fere ki markaɗa a blanda da ɗan kindirmo, ki tace saboda zaren nan, kankana kuma ki cire ƙwallayen ki matsa mata lemon tsami kaɗan in ba haka ba salam za ki ji ta. Sukarin ki ɗan ƙara fiye da yadda za ki sha a kofi, sanyi yana danne zaƙi a harshe, kuma sukarin ne ke sa ƙanƙarar ta yi laushi yaro ya iya tsotsa. Kar ki cika ledar fal, ruwa in ya daskare kumbura yake sai ta fashe ta ɓata miki firiza, kuma don Allah kar ki zuba abu da zafinsa a leda.

Kunun aya ne nake so ki yi hattara da shi. Ki jiƙa ayar ta kwana, ki wanke ta sosai ki tsince tsakuwa, a markaɗa da dabino da kwakwa da ɗanyar citta, in dabinon ya ji ba ma sai kin sa sukari ba, amma fa ba ya da haƙuri ko kaɗan, a zafin bazara in kika bar shi a waje kafin la'asar ya fara tsami yana kumfa. In ya daskare aka ɗauke wuta ya narke, kar ki mayar, a shanye ko a zubar. Fura kuma ni ban yarda a daskarar da ita ba, damawa ake a sha a lokacin, in kina son sanyi ki sa nonon a firij tukuna. Ƙanƙarar da ake saya a bakin titi ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, ki jefa ta cikin kula ki jera robobinki a kai, kar ta shiga cikin abin shan.

Zoɓon ma in za ki yi wa surukarki kar ki yi irin na 'yan yanzu da ake zazzaga garin fileba har kan mutum ya yi ciwo. Citta, kanumfari, ɓawon abarba da aka wanke tas, a tafasa tare, in kin samu mazarƙwaila ki sa a madadin farin sukari, ƙamshin daban ne. Ki ɗebi kaɗan gefe kafin ki sa zaƙi, a cikin manyan nan ba a rasa mai ciwon suga kuma ba za ta faɗa miki ba, kunya za ta sa ta shanye. Mai jego in ta zo kar ki kuskura ki ba ta mai ƙanƙara a gaban tsofaffi, ita da kunun kanwa mai zafi ne har ta yi arba'in, ko ke ba ki yarda da wannan ba ba a gidan miji za ki fara gardamar ba.

In azumi ya zo ki riƙa aika mata jug ɗaya kafin magariba, da na maƙwabta ko kofi bibbiyu ne, haka ake yi, kuma in aka aiko miki da kwano ba a mayar da shi wayam. Wannan Juma'ar ma ki fara, ki yi lamurje ko zoɓo ki ba mijinki ya kai mata, kar ki ce komai game da maganar rannan. Zan sa a kawo miki tsamiya da ƙwallon kuka da goruba in an samu mai zuwa, ki turo min lambar direban da kuka saba. Ki gaida maigidan da yara.