Wa ake tunawa a Nikodimas?

Malam, ka tambaya ko akwai wata baƙar fata da ake tunawa da ita a ƙananan garuruwan filayen ciyawa na Amurka. Akwai kuwa, ni dai Willianna Hickman ce ta fi tsaya mini a rai.

A 1878 ta bar Kentaki tare da mijinta, Fasto Daniel Hickman, suka nufi Nikodimas a jihar Kansas, garin da baƙaƙen fata suka kafa a 1877 bayan an 'yanta bayi. Ta iso ba ta da lafiya. Maza na ta murna sun hango gari, ita kuwa ta duba gabas da yamma, ko bango ɗaya ba ta gani ba. Sai mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Ashe a cikin ramuka mutane ke kwana, don itacen gini ya yi ƙaranci a wannan fili. Nan take ta fashe da kuka.

Duk da haka suka zauna, suka yi noma. Da layin dogo ya kauce wa garin, 'yan kasuwa suka watse. A 1996 gwamnati ta mai da shi wurin tarihi na ƙasa, kuma duk ƙarshen watan Yuli jikokin mutanen farko kan dawo gida taron shekara.