Amsa ga mai tambaya kan Corolla, EOD da 406

Malam, ka ce gidanka Daura, aikinka Katsina, kana hawa hanya sau biyu ko uku a mako, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin Corolla 2005, Honda Accord da ake wa laƙabi da EOD, da Peugeot 406. Na ga musu ya yi zafi, masu Honda na kiran Corolla motar 'yan fansho. Biyu daga cikin motocin nan na riƙe da kaina, ta ukun ta yayana ce kuma ni ke kai masa ita gareji, don haka bari in sa baki.

In dai kyau ne da daɗin tuƙi, EOD ta yi musu zarra. Ga faɗi, ga kujera, ga kwanciya a titi. Shekara huɗu na yi da ita, kuma har yau in na ga mai tsabta ta gifta sai na waiga. Amma bari ka ji yadda muka yi.

Ƙafar gaba ta fara ƙara, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da na faɗa rami. Bakanike ya ɗaga ta, ya girgiza tayar, ya ce bol-join ne, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota. Mai kayan gyara ya ajiye min biyu a kan tebur, na asali da wani mai kwali mai sheƙi wanda bai kai rabin kuɗinsa ba. Ƙarshen wata ne, na ɗauki mai arha. Bai rufa wata uku ba, muna dawowa ɗaurin aure daga Daura, mun ɗan wuce Mashi, na rage gudu saboda shanu na tsallaka titi. Sai ji na yi gaban motar ya yi ƙasa. Tayar dama ta kwanta a gefe, mota ta durƙusa kamar raƙumi za a yi masa lodi. Mu biyar ne a ciki. Da ba don shanun nan ba, Allah kaɗai ya san gudun da abin zai same mu a kai. Laifin ba na motar ba ne, nawa ne da rowata.

Abin da ya kamata ka gane shi ne, a ƙirar ƙafar Accord irin EOD, bol-join na ƙasa yana ɗauke da nauyin mota. A Corolla kuwa nauyin yana kan shokozoba, kayan ƙafar ma ba su da yawa. Shi ya sa Corolla ke jure sakaci da jabun kaya na ɗan lokaci, Honda kuma ba ta yafiya. Haka man giyarta: nata na musamman ne, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Duk bakaniken da ya ce maka "ai jan mai duk ɗaya ne", ɗauki makullinka ka tafi. In har ita ranka ya kwanta da ita, nemi mai silinda huɗu, injin 2.4, mai tayimin na sarƙa. Ka bar V6, mai silinda shida: tayimin bel gare ta, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba mai albashi ke shayar da ita ba.

Ita 406 ina jin kunyar kushe ta, don da Peugeot muka tashi. A 1975 aka fara haɗa su a Kakuri, Kaduna, kuma 504 ce ta kai iyayenmu ko'ina. A hanya mai gargada babu mai laushinta cikin ukun nan. Matsalar ita ce dattawan da suka san 504 da kunne ba lalle su san wayoyin 406 ba. Ta yayana ta taɓa kwana tara a wajen wani rewaya yana yanke-yanke, ashe waya ɗaya ce ta ci tsatsa. In kana da ƙwararre a hannu, ka samu mai giyar hannu, ka riƙa canza tayimin bel a kan lokaci, za ka more ta.

Corolla ba ta burge kowa. Bayanta a matse yake, in babbar mota ta wuce ka kana jin iska na kaɗa ta, ga dillalai sun tsawwala kuɗinta. Amma injin 1.8 ɗin nan mai sarƙa ba ya neman komai sai juye a kan kari, kuma yaron gareji a Mashi ma zai kwance ƙafarta ya mayar. Abin da babu a Katsina, ka aika Ƙofar Ruwa a Kano da safe, da yamma ya iso a motar haya. Ni ita zan ce ka ɗauka, da wannan zirga-zirgar taka. Sai dai ka kula, saboda yawan masu nemanta jabun kayanta ma sun fi yawa.

Ko wacce ka saya, kar ka yarda a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin watan Afrilu. Injin zai daɗe bai yi ɗumin da ya dace ba, ya riƙa shan mai a banza. Kuma lagireto ba wurin ruwan rijiya ba ne.

Ranar dubawa ka je da sassafe kafin a tayar da ita, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka sa a jona mata kwamfuta. Sannan takardar duti: tsakanin Kwangwalam da Jibiya jami'an kwastam ba sa ƙaranci a hanyoyinmu. Ka tsaya da ƙafarka ka haɗa lambar shasi ta jikin motar da ta takarda, harafi bayan harafi, kafin ka tura ko sisi.